Ragon da Aka Kai Gidan Farfesa Bonsu

Litinin, 7 ga Agusta, da hantsi

Sun ƙi. Kwas uku suka soke mini, kuma da suka tashi sokewa ba su zaɓi kowanne ba sai ukun da sauran duk suke tsaye a kansu: aljabara, ƙididdiga, da dabarun koyar da lissafi. Matar da ke teburin rajista ta ce in babu waɗannan ukun, shekara biyun da na yi a waccan kwalejin ta bakin teku ba su da amfani a nan Kumasi, sai dai in fara daga aji ɗaya. Tana faɗa tana ɓare gyaɗa.

Na ce, "Anti, laifin me kwas ɗin suka yi?"

Ta ce, "Malamin da ya koyar da su shi ya duba jarrabawarsu, kuma mijinki ne. Ko ba haka ba?"

Na ce haka ne. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce in ban yarda ba in ɗaukaka ƙara gaban kwamiti, za su zauna ƙarshen wata.

Ni Abrafi, wadda ta shekara tara tana koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, ni ce wai miji ya ba maki kyauta! Hutun ƙaro ilimi da ma'aikatarmu ta ba ni na shekara huɗu ne, biyu sun riga sun wuce. In na fara daga farko, hutun zai ƙare ina tsakiyar hanya, ko dai in saki digirin ko in saki aikin. Akwai hanya ta uku, in koma can inda sakamakona yake zaune daram, in ƙarasa a ajinsa, a garinsa.

Ba zan koma ba.

Laraba, 9 ga Agusta, da yamma

Na kai ƙarar. Da hannuna na rubuta jarrabawar nan, da hannuna na rubuta ƙarar.

Alhamis, 10 ga Agusta, da rana

Maame, mahaifiyata, ta dawo daga kasuwar Kejetia tana ƙarnin busasshen kifi, ta tarar da ni na baje littattafai a tsakar gida. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Uwata, ke dai ba kya gajiya da faɗa? Kin yi faɗa da miji, yanzu kuma jami'a sukutum za ki kama da kokawa?"

Na ce, "Maame, ba faɗa na yi da shi ba."

Ta san abin da nake nufi. Ita ta wanke mini zanen ranar da na iso. Ta shiga ɗaki, ta fito da turmi ta hau daka sakwara kamar rogon ne ya yi mata laifi. Da muka zauna ci, duk naman da ke cikin miyar gyaɗar ta turo shi gabana. Ban ce na gode ba, ita ma ba ta jira ba.

Asabar, 12 ga Agusta, da safe

Mijin nawa ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Kunnena na hagu yana ta ƙara tun jiya, kamar an kulle sauro a ciki.

Talata, 15 ga Agusta, da yamma

Yau na ga shugaban sashen lissafi, Farfesa Bonsu. Shi ne kuma zai shugabanci kwamitin. Tsoho ne siriri, rigarsa duk alli, takalminsa ya fi ni shekaru. Na shiga da shirin faɗa, har na jera maganganuna a mota. Sai ya ce, "Zauna, 'yata. Nawa ya ba ki a kwas ukun?"

Na ce, "Mafi ƙarancin abin da ake ci da shi. Duka ukun."

"A sauran fa, na wasu malaman?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Tabɗi! In wannan ne alfarmar da miji yake yi wa matarsa, Allah ya raba 'ya'yana da irinta."

Na so in yi dariya, sai na ji ƙwalla. Na danne. Ban zo ofishin kowa in yi kuka ba.

Ya ce dokar da ta soke kwas ɗin ba ya da ikon taɓa ta, kuma daidai ce, domin an sha yi musu wasa da ita. Amma shugaban sashe yana da damar ya roƙi kwamiti a shirya wa ɗalibi jarrabawa ta musamman, in ya ci a ƙirga masa kwas ɗin. Ba kasafai ake yi ba. Ya ce zai nema mini.

Na ce, "Farfesa, gobe ma a kawo ta."

Ya ce, "Yi a hankali, sarauniyar yaƙi. Je ki yi karatu, ki kama bakinki. Sauran 'yan kwamitin ba su son a ce shugaba yana da 'yar gida."

Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun gawayi daga ka. Na sayi gasasshiyar ayaba da gyaɗa a bakin ƙofar jami'a, na cinye a tsaye.

Laraba, 16 ga Agusta, da safe

Na gaya wa Maame cewa akwai wani babba da ya ce zai duba. Ta ce, "Ɗan ina ne?" Na ce daga bakinsa dai mutumin Mampong ne. Ta ce, "Mampong? Ai can kawunki Antwi ya yi aure na fari." Na ce to sai me? Ta ce ba komai, ta ɗaura kwandonta ta fita.

Juma'a, 18 ga Agusta, da rana

Ƙididdiga tun asuba. Duk abin da na buɗe sai in tuna inda nake zaune lokacin da na fara karanta shi. Wannan babin a ɗakin girki na karanta, na sa kujera na tokare ƙofa. Wancan a gidan maƙwabciya. Na san su duka, ba don sun yi daɗi ba.

Yayar mijina ta aiko saƙo, wai ya ce in daina wahalar da kaina, wurina yana nan a aji uku, ɗakina yana nan. Wai ya yafe mini. Ji fa! Shi ne ya yafe.

Ba zan koma ba.

Lahadi, 20 ga Agusta, da yamma

Bayan coci Maame ta ɗaura sabon zanenta na zuwa biki, Kawu Antwi ya zo ya yafa nasa babban zanen, wai za su gaisuwar wani mara lafiya. Na ce tun yaushe ake zuwa gaida mara lafiya da ɗan kunnen zinariya? Kawu ya ce, "Malama, ki ji da lissafinki, ki bar manya da nasu." Na yi dariya. Gidan ya yi shiru, na gama babi biyu.

Sun dawo suna fara'a. Maame har da waƙar coci a bakin murhu.

Litinin, 21 ga Agusta, da hantsi

Wayyo ni. Wayyo ni Abrafi.

Litinin, da yamma

Sai yanzu na iya zama in rubuta.

Da safe wata motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu. Direban ya sauko da farin rago, ya ajiye kwalaben giya biyu a kan dakali, ya ce Farfesa Bonsu ya ce a gaida Maame da Kawu, yana ba da haƙuri ƙwarai, amma ba zai iya riƙewa ba. A gaban mai koko, a gaban matan famfo, a gaban duk wanda ke da ido a layinmu.

Ashe ba mara lafiya suka je gaisarwa ba. Dwanetoa suka kai, wato roƙon afuwa irin namu na Asante. Sun sayi rago, sun sayi giya, sun ɗauki wani dattijo daga dangin tsohuwar matar Kawu, suka shiga rukunin gidajen malamai ranar Lahadi da rana tsaka, lokacin da kowane malami yake zaune a barandarsa yana sauke abincin rana. Suka ɗaure rago a jikin bishiyar mangwaron Farfesa. Dattijon ya cire takalmi, ya sauke zanensa daga kafaɗa, ya ce sun zo su kama ƙafar babba, 'yarsu ta yi kuskure, a tausaya.

Ta yi kuskure! Wane kuskure? Ai ba a kai dwanetoa sai mai laifi. Wanda ya taka wani, wanda ya zagi babba, shi ake ɗaukar wa dattijo a je a faɗi ƙasa. Ni me na taka?

Na tsaya a tsakar gida na yi ta zubawa. Na ce, "Maame, wa ya aike ki? Na ce miki a roƙa mini? Haƙƙina nake nema, ba sadaka ba!"

Ta ce, "Haƙƙi! Haƙƙi! A ƙasar nan wa kika ga ya sami abu a hannun babba yana tsaye ƙiƙam? Ubanki da zai karɓi filinsa haka muka yi. Kawunki da za a mayar da shi aiki haka muka yi."

"Jami'a ce, Maame, ba fadar sarki ba!"

"Jami'ar ba mutane ne a ciki ba? Ba uwa ce ta haifi Farfesan ba? Ya karɓe mu da hannu biyu, ya ba mu ruwa, ya ce ya ji."

Na ce dole ya ce ya ji. Wane Asante ne dattijo zai sauke masa zane a ƙofar gidansa ya kore shi? Ya karɓa don kada ya kunyata ku a gaban mutane, ya kwana da shi, ya mayar.

Kawu Antwi da ya zo ya ga ragon sai ya fara zagin Farfesa, wai boko ya cinye masa tarbiyya, wai tun da yake bai taɓa jin an mayar da dwanetoa ba. Na ce, "Kawu, ka fita daga gidan nan kafin in manta kai ne ƙanin uwata." Ya ce wa Maame, "Kin ji ta ko, Fosuaa? Da wannan bakin wane namiji zai zauna da ita?" Maame ta juyo ta kalle shi. Ban taɓa ganin ta kalli ɗan'uwanta haka ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ragon yana ɗaure a jikin famfo. Ya cinye mini shafi biyu na aljabara.

Talata, 22 ga Agusta, da rana

Na je ofishin Farfesa. Bai ce in zauna ba, shi ma tsaye yake.

Ya ce, "'Yata, na san ba ke kika aiko su ba. Amma Dakta Quaye gidanta yana kallon nawa, kuma tana cikin kwamitin. Ta ga rago, ta ga giya, ta ga tsoho a durƙushe. In na buɗe baki ranar zama na ce a ba ki jarrabawa, me za ta ji? Kukan rago za ta ji."

Ya janye daga shari'ata. Ya rubuta wa shugaban tsangaya da kansa, ya faɗi abin da ya faru. Dakta Quaye ce za ta shugabanci zaman.

Na ce, "To wa zai nema mini jarrabawar?"

Ya ce shugaban sashe kaɗai doka ta ba wannan damar, shi kuwa ya riga ya wanke hannunsa. Sannan ya ce, "Kada ki yi wa mahaifiyarki faɗa da yawa. Da 'yata ce, a wani wurin da ban san kansa ba, ƙila ni ma ragon zan saya."

Na fito. Ina jin haushinsa, ina jin haushin Maame, ina jin haushin ragon, kuma na san a cikinsu babu wanda ya nufe ni da sharri. Wanda ya nufe ni da sharri yana can bakin teku yana shan iska.

Alhamis, 24 ga Agusta, da safe

Ba ma magana da Maame. Tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ina ci, ina wanke kwanon, ina kife mata.

Asabar, 26 ga Agusta, da yamma

Labarin rago ya kai can. Ya kira sau huɗu. Na san dariya yake so in ji.

Litinin, 28 ga Agusta, da hantsi

Har yanzu karatu nake. Ban san don me ba. Babu jarrabawar da ke jirana, amma in na rufe littafin sai in ji kamar na amsa laifin.

Alhamis, 31 ga Agusta, da yamma

An yi zaman. Mutum biyar a dogon tebur, ni kaɗai a kujera a tsakiya kamar an kama ni da satar kaza. Dakta Quaye mutuniyar Accra ce, gajera, ba ta ɗaga murya. Ta tambaye ni ko kwalejin can ta sa wani malami na biyu ya sake duba takarduna, tunda an san mijina ne. Na ce ba su yi ba. Ta ce me ya sa ban nema ba a lokacin?

To me zan ce? Zan ce mata a wancan lokacin abin da nake nema shi ne in wayi gari? Ba zan shimfiɗa wannan a teburin mutum biyar don a ba ni maki ba. Nawa ne.

Na ce, "Madam, ku ba ni jarrabawa. Yau, gobe, a ɗakin nan, ku biyar ku tsaya a kaina. In na faɗi in tafi ba tare da na waiwayo ba."

Wani mai ƙaton ciki daga sashen kimiyya ya ce, "Wannan karon akuya za a kawo ko saniya?" Biyu suka yi dariya.

Na ce, "Yallaɓai, uwata busasshen kifi take sayarwa. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ta yi abin da aka koya mata ana yi wa manya, ta yi shi da rana tsaka a gaban kowa, don ba ta san abin ɓoyewa ba ne. Ka yi mini dariya ni, ina da digirin da zan rasa. Ita ka bar ta."

 Dakta Quaye ta ce masa ya janye maganar, ya janye yana kallon silin. Sannan ta ce mini a fili, ba ta zarge ni da komai ba, ta kuma yarda cewa da wuya a ce ban san darussan nan ba. Amma duk jami'a ta ji labarin ragon. In aka buɗe mini ƙofar da ba a saba buɗewa ba, wata mai zuwa bishiyar kowane malami sai ta cika da raguna, kuma wanda uwarsa ba ta da kuɗin rago shi zai sha wuya. Ta ce za su sanar da ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, na kasa samun inda ta yi ƙarya.

Litinin, 4 ga Satumba, da rana

Sun tabbatar da hukuncin farko. Aji ɗaya.

Litinin, da yamma

Na gaya wa Maame. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Da ban je ba da an ba ki?"

Na so in ce a'a. Na rantse na so. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba ko ranar da na iso da kumburarren ido, ita ce ma ta ce wa maƙwabta faɗuwa na yi. Na ce, "Da an ba ni jarrabawa. Da na ci."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Gwiwoyin nan nawa ban taɓa sa su ƙasa don mutum ba sai ranar. Ko ubanki bai gani ba. Na durƙusa a kan tsakuwa, ina cewa a raina in dai yarinyar nan ba za ta koma gidan can ba, a taka ni ma." Sai ta rufe fuska da gefen zaninta.

Na zauna a ƙasa kusa da ita na ja faifan na ci gaba da tsintar waken. Mun daɗe a haka. Daga baya ta share hanci ta ce, "To yanzu fa? Za ki koma ki ƙarasa a can?"

Na ce, "Maame, kalle ni."

Ta kalle ni. Ta ce, "To. Kifi dai ba ya ƙarewa a Kejetia. In aikin ya tafi, sai mu ci kifi."

Laraba, 6 ga Satumba, da safe

Na rubuta wa ma'aikata na gaya musu gaskiya, shekara huɗu ke gabana, hutuna kuwa shekara biyu ya rage. Jami'in ya ce ba a ƙarawa, in ya ƙare ban dawo aji ba za a ba wani gurbina. Na ce na ji. Ya ce, "Malama, shekara tara fa za ki zubar." Na ce ba zubarwa na yi ba, ƙwace mini aka yi, kuma ya rubuta haka in akwai wurin rubutawa.

Ina son aikin nan. Ina son ƙarar yara in sun gane abu gaba ɗaya. Yau na yi kuka a bayan ofishin ilimi, inda ake ajiye tsofaffin bencuna, na wanke fuska da ruwan leda na hau mota.

Litinin, 11 ga Satumba, da yamma

Ranar farko. Aljabara ta aji ɗaya, babban ɗakin taro, yara sun fi ɗari uku, duk warin turare da sabon takalmi. Da na shiga wasu suka yi shiru suka gyara zama, sun ɗauka ni ce malamar. Na wuce su na nufi layin gaba.

Sai wata doguwar yarinya mai kitso ta miƙe zumbur, hannu a baya. Gyamfua ce. Ni na koya mata raba lamba da lamba tana 'yar shekara goma sha biyu, tana kuka tana cewa kanta ba ya ɗauka.

"Madam! Ina kwana, Madam. Ke za ki koyar da mu?"

Na ce, "A'a."

"To me kike yi a nan, Madam?"

Duk layin ya zuba mini ido. Na ji kunnena ya ɗauki ƙara, na ji ƙafata tana so ta juya. Na ajiye jakata a kan bencin.

Na ce, "Abin da kike yi. Matsa mini."

Ta matsa. Na zauna, na buɗe sabon littafi, na rubuta kwanan wata a saman shafin.